Roba Mai Ɗigo Huɗu

Tunda ka ce gyara kake shirin yi, zauna in ba ka misalin wani direba tukuna.

Mutumin yana jigila ne tsakanin ƙauyensu da birni da wata tsohuwar mota wadda ta haura shekara ashirin a kan hanya. Ba ta da kyan gani, amma injinta lafiya lau, ba ta taɓa yasar da shi a daji ba. Da ita ya yi aure, da ita ya rufa ɗakinsa da kwano. Akwai ma wata mai kiwon kaji da ta shekara bakwai ba ta yarda kowa ya kai mata ƙwai birni sai shi, saboda sanyin tuƙinsa. Sai dai tsufa ya ci ƙarfin sifirin ɗin gaba, wato ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota a kan taya, goshin motar ya sunkuya, in ta faɗa gargada cikinta ya ɗan gogi ƙasa. Wannan bai dame shi ba kamar bakin abokan aikinsa na tasha, waɗanda da sun hango shi sai su ce a ba tsohuwa hanya, ga ta nan tafe tana ruku'u. Ya yi dariya sau ɗaya, ya yi sau biyu, a na ukun maganar ta zauna masa a rai.

Ya kai motar garejin wani dattijon bakanike. Dattijon bai taɓa sifana ba sai da ya tsayar da motar a kan daɓe, ya daidaita iskar tayoyi, ya auna da tef daga ƙasa zuwa bakin ƙarfen da ke saman taya, hagu da dama. Sannan ya fito da robobi huɗu ya jera a kan benci, irin waɗanda ake ɗorawa a kan sifirin don su shiga tsakaninsa da jikin mota. Kowacce da ɗigo a gefenta, daga ɗaya zuwa huɗu, yawan ɗigo yawan kauri. Ya ture uku gefe, ya ce mai ɗigo biyu ita ce daidai da wannan motar.

Direban ya ɗauki mai huɗu yana juya ta a hannu. Ya ce, "Baba, in za a yi abu a yi shi gaba ɗaya. Wannan za ka sa mini."

Dattijon ya ce, "Ɗana, roba ba ta maido wa sifirin ƙuruciyarsa. Ka ɗaga motar fiye da yadda ƙafafunta za su ɗauka, taya ta karkace ta riƙa taka ƙasa da gefe. Ni dai hannuna ba zai sa ta ba."

Direban ya yi godiya ya fita. Ya sayi mai huɗu a shagon kayan mota, ya sami wani bakanike a bakin titi wanda ba ya tambaya, kafin la'asar an ɗaura. Motar ta miƙe, ta ɗaga kai sama. Da ya shiga tasha washegari ba wanda ya yi zancen ruku'u, har wani ya zagaya ta yana tambayar inda aka yi aikin. Ranar tuwo ya yi masa daɗi.

Cikin mako na farko ya ji sitiyari ya yi sako-sako a hannunsa, motar tana ɗan yawo in ya taka ta a kan kwalta. Ya ce wa kansa rashin sabo ne. Bayan wata guda da rabi, yana wanke ta, ya ga gefen waje na tayoyin gaba ya suɗe sumul, alhali tsakiyarsu da sauran zane. Ya shafa wurin da yatsa, ya san abin da ya gani. Amma gyaran yana nufin ya koma gaban dattijon ya sunkuyar da kai, kuma motar ta koma bakin 'yan tasha. Ya watsa ruwa a kan tayar ya ce sai bayan kasuwa.

Ranar kasuwar ya loda kiret-kiret na ƙwai a but da kujerar baya. Nauyin ya danne bayan motar, gaban ya ƙara tashi. An yi yayyafi da safe, kwalta da santsi. A wata kwana kafin gada tayar hagu ta fashe, ya murɗa sitiyari bai ji komai a hannunsa ba, motar ta sulale ta faɗa kwazazzabo. Ya fito da ƙafafunsa, da tsaga a goshi kawai. Ƙwai kuwa ko na suya ba a tsinta ba.

Aka janyo motar zuwa garejin dattijon. Ya leƙa ƙarƙashinta, ya ga ƙafar gaba ta hagu ta ɓalle har da ƙarfen da ke riƙe da ita, tsatsa kuma ta riga ta cinye wurin, walda ba za ta kama ba. Ya miƙe ya kaɗe gwiwa, ya yi wa direban barka da arziki. Mai kaji ta zo har gida ta yi masa jaje da ladabi, mako na gaba wani direban ne ya ɗauki ƙwanta. Motar 'yan gwangwan suka farfasa ta. Shi kuwa yana nan a tashar har yau, yana kiran fasinja yana cika motocin wasu.

Ka ji abin da Hausawa ke nufi da suka ce, garin neman gira aka rasa ido.