Kafaɗar Mai Doya

Ranar da motarsa ta mutu a Tudun Ƙofa, dole ya shiga bas ɗin Abuja, yana tattare babbar rigarsa kada ta taɓa kowa.

Wata da watanni barci ya ƙaurace masa. Da ya kwanta sai muryar daraktan ofishinsu ta cika masa kunne. Ya sha ƙwayar likita, ya sha rubutu, ya canza katifa, duk a banza. Darakta kuwa ya rantse, in ya sake kwafsawa a aiki, kora ce.

Ya dubi fasinjoji a wulaƙance, yana ta tsaki. Kowa ya hangame baki yana minshari, sai ka ce awakin da za a kai kasuwa. "Marasa tunani," ya ce a ransa, "ina suka san nauyin ofis?"

Kafin Masaka an daina jin tsakinsa.

"Oga, tashi mana, mun iso Nyanya!" in ji mai doyar da ke gefensa, tana goge miyau a kafaɗarta. "Wannan minshari kamar tsohon janareta!"

Da yamma bakanike ya kira, mota ta tashi.

"Bar ta a wurinka," ya ce.

Washegari tun asuba yana tasha, yana leƙen inda mai doya ta zauna.