Baƙuwar Gadon Sama

"Ba zan sauko ba, Don Evaristo," in ji Nélida daga gadon sama, a gado mai hawa biyu. "Gado na kama, kamar kowane baƙo."

"Ɗauki jakarki ki bar min masauki, malama mai digiri!"

"Kira 'yan sanda su sauko da ni mana."

Tsohon ya bugo ƙofa ya fice. Turawan da ke ɗakin, masu yawon duniya da jakar goyo da ɗan guzuri, suka tafa mata. Tun isowar Nélida garin Tupiza suke manne da ita. Ita ta nuna musu inda ake shan miyar gyaɗa mai araha a kasuwa, ta koya musu neman gyara wurin masu sayarwa.

"Ya aka yi kika san famfon wankan nan sai an murɗa kaɗan yake kawo ruwan zafi?" wata Bafaranshiya ta tambaya.

Nélida murmushi kawai ta yi.

Da rana duk suka fita suka bar ta. Daga tsakar gida matar mai masaukin ta shiga kiran iyalinta cin abinci, kowa da sunansa. Nélida ta gutsuri busasshen burodi, ta kasa kunne.

Ranar da ta zaɓi jami'a ta bar wankin zannuwan baƙi, Don Evaristo, mahaifinta, ya ce in za ta dawo, ta dawo a baƙuwa. Ta riƙe shi a kan maganarsa. Ga ta yau a ɗakin da aka haife ta, uwarta ta kira kowa ban da ita.