Littattafan Rabin Kuɗi

"Tafsirin na ƙanwarka ne, fiƙihun kuma naka," in ji Baba yana kwance a asibiti, numfashinsa na sarƙewa.

Bara ya sayar da littattafansa kaf, ya saye su a manhajar waya, wai can rabin kuɗi ne. Kowa ya yaba da arha, ba wanda ya karanta sharaɗin. Ni na karanta yau: izinin karatu na mai saye ne kaɗai, ranar da ya rasu ya ƙare.

"Baba, ka huta tukuna."

"Kai dai buɗe in nuna maka inda na tsaya."

Na kama babban yatsansa na ɗora a wayar. Ta ƙi buɗewa. Yatsan ya fara sanyi.