Layuka Bakwai a Bangon Abiba

Gida na arba'in da ɗaya ke nan da Kyaftin Tetteh ya shiga tun safe, taɓon unguwar Maamobi ya ci takalminsa har ya daina kulawa. Shekara ashirin yana koyon yaƙi da mutane, yanzu manya sun ce babban abokin gaba shi ne ruwan sama. Umarnin a fili yake: duk ɗakin da ambaliya ke kai wa ƙirjin mutum, a shafa masa jan fenti, a rushe shi, a buɗe hanyar da motocin soja za su riƙa kwashe jama'a.

Wahalar ita ce kowa ƙarya yake masa. Ka tambayi mutum inda ruwa ya kai, ya nuna maka idon sawu, alhali katifarsa na shanye a kan rufi.

Ɗakin Abiba mai koko ne kaɗai ya faɗa masa gaskiya. A bango, bayan ƙofa, ga layuka bakwai da fensir, kowanne da kwanan wata. Na farko, Yulin 2016, daidai ƙugunsa. Na ƙarshe, Mayun 2022, a ƙirjinsa. Kowace shekara layin ya ɗaga da yatsu uku ko huɗu, kwanan kuma ya matso gaba da kwana goma sha ɗaya.

Gajiyarsa ta ɗan sake shi. Ga hujjar da hedikwata ke nema: ruwa yana ƙaruwa, damina kuma tana ƙara sammako. Ya ɗauki hoto, ya ce a kawo fenti.

Abiba ta ajiye ludayi, ta tsaya tsakaninsa da bangon.

"Ofisa, ku ɗauki rufin, ku ɗauki ƙofar. Bangon nan dai ku bar mini."

Ya ji irin wannan roƙo sau arba'in yau. Da Hausarsa ta bariki ya ce, "Mama, ke da kanki ki rubuta inda ruwa ya kai. Amma me ya sa ki daina? Shekara uku babu layi."

Ta shafa layin ƙarshe da yatsa.

"Wannan ba ruwa ba ne. 'Yata ce, Hamdia. Kowace ƙaramar Sallah nake tsayar da ita nan in gwada tsayinta. Ruwa sau ɗaya ya taɓa shigowa ɗakin nan, wata guda bayan layin ƙarshe, ya tafi da ita."