Jinin da Ke Cin Marka

"Likita da bakinsa ya ce jinina ne ke cin gaɓɓaina!" in ji yayata Marka, tana nuna ni da kumburarren yatsa. "Wane jinin gidanmu ya rage min a garin Ƙarfi in ba ke ba? Mayya! Ɗanjuma, fitar min da kayanta."

Ɗan nata ya ɗauki ƙullina yana sunkuyar da kai.

Na ce, "Ajiye, ɗan nan. Yaya, ranar da na raka ki asibitin Funtua kika hana ni shiga, ina kika zaci na tsaya?"

"Gindin bishiya mana."

"Ni? Kunnena na manne da ƙofa. Cewa likitan ya yi garkuwar jikinki ta rikice, sojojin cikin jininki sun juyo suna yaƙar ki. Ya ce ki sha magani kafin kumburin ya taɓa zuciya. Mayyarki na cikin jijiyarki, kore ta in kin isa!"

Marka ta miƙe da ƙyar, ta ce, "Munafuka, mai laɓe!" Ta fita ta banko ƙofa.

Ta manta ɗakinta ne.