Kofi Mai Ɗigon Jan Farce

Kofuna sittin da huɗu ne a kan faifan Jibin Ubangiji na coci, ƙanana, na gilashi, kuma shekara tara ke nan Maman Tagwaye ce ke wanke su. Ta san kowanne. Ta fi sanin guda ɗaya, wanda ta kifa ta ɗiga wa gindinsa jan farce.

Wannan na Jar Tsohuwa ne.

Sunan da matan zumuntar coci suka laƙaba mata ke nan tun ranar Lahadin da ta fara shigowa bara, tana dogara sanda. Fatarta fara sol, gashinta a miƙe kamar zare. Daga ƙetaren layin dogo take, inda mutanenta ke da cocinsu da makabartarsu, inda baƙar fata ba ya taka ƙafa sai aiki ya kai shi. Ba wanda ya san abin da ya rabo ta da can.

"Wataƙila fankarmu ta fi tasu sanyi," in ji matar mai ganga. Aka yi dariya har da riƙe ciki.

Maman Tagwaye ba ta yi dariya ba. Babanta ya yi shekara talatin yana share masaƙar mutanen nan, yana shan ruwa da gwangwanin da aka rataye masa a ƙusa, nesa da kofunan kowa. Don haka ranar Jibi takan ajiye mai ɗigon a bakin faifai, ta juya shi daidai hannun tsohuwar, bayan an tashi kuma ta wanke shi a roba dabam. Ta ce wa zuciyarta ai tsabta ce. Zuciyar ba ta taɓa amsawa ba.

Ita ba muguwa ba ce, kowa zai shaida. Kullum da safe, kafin ta ɗora ruwan zafi, sai ta durƙusa ta yi wa marasa lafiya addu'a, ta yi wa tagwayenta, ta rufe da matar da ta shayar da ita bayan uwarta ta rasu wurin haihuwa. Ba ta san ta ba. "Wata baiwar Allah ce a asibiti," iyakar abin da babanta ke cewa ke nan, sai ya kau da kai ya kama wani zance. Har ya koma ga Ubangiji bai ƙara kalma ɗaya a kai ba.

Abin da ya fi ƙona mata rai game da tsohuwar shi ne kallo. Duk sa'ad da ta miƙa faifan, matar ba ta duban fuskarta, sai hannunta na hagu, inda ɗan yatsa na shida ya tsiro kusa da ƙaramin. Tun tana yarinya ake tsokanarta da shi. Yanzu ga wata ta ƙetaro layin dogo musamman don ta ƙare masa kallo.

Sai tsohuwar ta faɗi a banɗaki, ƙugu ya karye. Fasto ya ce za su kai mata Jibi gida bayan sujadar coci. Maman Tagwaye ta naɗe gurasa a farin ƙyalle, ta tsaya gaban faifan, hannunta ya yi jim a sama. Ta ɗauki mai ɗigon.

Ɗaki ɗaya ne, gado ɗaya, da keken ɗinki an lulluɓe shi da zane, ko'ina warin man zafi. Fasto ya yi addu'a, ya tsiyaya ruwan inabi a kofin. Tsohuwar ta sha, sannan ta kifa kofin a tafinta, ta shafa jan ɗigon da babban yatsa.

"Na gode da kika kawo mini nawa," ta ce.

"Naki?" Fasto ya karɓi kofin ya duba. Ya dubi Maman Tagwaye. Da ma ya yi mata faɗa da ya fi sauƙi. Shekara tara tana miƙa wa mutane alamar jini ɗaya da aka zubar domin kowa, ga shi ta sa masa iyaka da jan farce.

"Kada ka ga laifinta, Fasto," in ji tsohuwar. "Ko ba ta juyo shi ba ni nakan neme shi, don kada ta wanke duka sau biyu."

Fasto ya ajiye kofin a kan keken ɗinki, ya ce zai jira a waje.

Maman Tagwaye ta durƙusa a gaban gadon. Da ƙyar ta ce, "Mama, ki yafe mini." Ranar ce ta fara kiranta haka. "Kin sani tun farko, me ya sa kika ci gaba da zuwa?"

Tsohuwar ta miƙo hannu ta kama hannun Maman Tagwaye na hagu, wanda take ɓoyewa a mayafi, ta tallafe ɗan yatsan nan a hankali kamar mai tsoron ya fashe.

"A kasuwa na hango shi bara, kina zaɓen albasa, na bi ki har ƙofar coci. Shekara arba'in da shida ina nemansa, tun ranar da babanki ya zo ya ɗauke ki." Ta yi murmushi. "Da wannan yatsan kike tsikarina in kina sha. Ɗana a dama, ke a hagu, in kin fi shi yunwa in sauya muku, wata goma sha takwas, ban taɓa ware wa kowa nasa ba."