Wankan Jegon Kubura

Da aka haifi ɗan Kubura da huji a zuciya, likitoci suka sa musu awarwaro iri ɗaya, ita da shi. Haka ake yi yanzu: awarwaron yana sa zuciyar jaririn ta riƙa bin bugun ta uwarsa har ya yi ƙwarin da za a yi masa aiki.

Da safe Gwaggo Tabawa ta shigo da bokitin tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya.

"Tashi ki yi wanka, 'yar nan."

"Gwaggo, zafin zai sa zuciyata gudu. Tasa ba za ta iya bi ba."

Gwaggo ta ajiye bokitin, idonta ya ciko. Kubura ta kawar da kai, tana shafa ƙafar yaron.

"Don Allah fita waje ki yi kukan, Gwaggo. Ki yi har da nawa."